Ruwan Getsi da Jakara: Me ke gaskiya cikin abin da ake faɗa?

A ƙauyukan Minjibir da Ungogo ana yawan cewa duk dattin masana'antun Kano a Jakara yake ƙarewa. Ba haka ba ne. Na Sharaɗa da Challawa kudu yake gangarawa, ya faɗa kogin Challawa. Wanda ke yo arewa shi ne na Bompai: rafin Getsi ke kwaso shi ya haɗe da Jakara, wadda ta riga ta ɗauko ruwan kwatocin birni da na mayanka, su tafi madatsar Wasai da aka gina a 1976.

Masu lambu kan ce ruwan nan taki ne. Da ƙanshin gaskiya, domin ruwan kwata yana sa latas da alayyafo su yi kore shar. Sai dai ruwan yana ɗauke da dattin majemu, kuma majemar zamani ba da bagaruwa take jima ba kamar ta gargajiya, da sinadarin kuromiyam take yi, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na sinadarin ba ya kama fata, ruwa yake bi tare da gishiri mai yawa. Gishirin ya gajiyar da ƙasa, kuromiyam ɗin, wanda ƙarfe ne, ya kwanta a laka.

Shi ya sa zancen wai tunda kamfanoni da dama a Bompai sun rufe ruwa ya gyaru, bai tsaya da ƙafarsa ba. Ƙarfe ba ya ruɓewa. Ruwa na iya yin garai-garai alhali lakarsa da ƙasar lambun na riƙe da abin da aka zubar shekaru da suka wuce. Wanke ganye da dafa shi suna rage ƙwayoyin cuta, a ci gaba da yi, amma tafasa ba ta fitar da duk ƙarfen da tsiro ya riga ya zuƙa.

Ƙaryar da ta fi ci mini rai ita ce wai tace ruwa asara ce tsagwaronta ga mai masana'anta. Jima tan ɗaya na fata kan ci dubban litocin ruwa. Idan aka ware ruwan kuromiyam daban, aka sa sinadarin da ke kwantar da shi, ana tattara shi a sake jima da shi, kuɗin saye ya ragu. Tun 2007 akwai hukumar NESREA mai alhakin tilasta dokokin muhalli, kuma a bakin magudanar kamfani ya kamata a auna ruwan nan, kafin ya kai lambun manomi.