Tsatsar Maiƙon Jini: Aikin Kibiritu da Ƙarfe

Kalmar tsatsa a bakin Bahaushe ta ƙarfe ce, kamar fartanyar da aka bari a gona da damina. A wurin masana kimiyya kuwa, abin da ya sami fartanya shi ne ya kan sami man gyaɗa da ya daɗe a buɗe har warinsa ya sake, watau haɗuwa da iskar oksijin. Irin wannan tsatsa ta kan kama maiƙon da ke cikin jinin mutum, ita ce kuma a ke nufin bayyanawa a nan domin malaman da za su koyar da ita da Hausa.

Mai ba ya gauraya da ruwa, jini kuwa galibinsa ruwa ne. Saboda haka jiki ya kan ƙunshe maiƙo cikin waɗansu ƙananan dunƙule masu rigar furotin, su yi yawo da shi cikin jini. Wanda ya fi shahara cikinsu shi a ke kira LDL. A cikinsa akwai linoliyik, irin maiƙon da ya yi yawa cikin man gurya da man gyaɗa na ƙasar Funtuwa da Malumfashi, tsatsa kuwa tana saurin kama shi. Kowane dunƙule yana da ƙwayoyin bitamin E kamar 6 masu tsaronsa, kuma ɓarna ba ta yin nisa sai ta cinye su. In ya yi tsatsa a bangon jijiya, sai ƙwayoyin da ke share ƙazanta su yi ta haɗiyarsa ba ƙoshi, su taru su ƙuntata hanyar jini. Haka Steinberg da abokan aikinsa na Amurka suka tsara bayanin a 1989.

Abin da ke hanzarta tsatsar nan shi ne baƙin ƙarfe da jan ƙarfe, in suna narke kuma a sake. Kowannensu ya kan karɓi ilektaron ya miƙa wa oksijin, sa'an nan ya jira mai sake ba shi wani, kamar wutar maƙera da ke jiran mai zuga. Cikin tubalan da a ke gina furotin da su akwai biyu masu ɗauke da kibiritu, watau metiyonin da sistayin, sistayin kuwa tana iya zugar nan. A 1987 Heinecke da abokansa suka nuna cewa ƙwayoyin bangon jijiya da aka raina a ɗakin gwaji ba su sa LDL tsatsa sai akwai sistin a ruwan renonsu, watau sistayin biyu a haɗe.

Amma fa maganar ba ta tsaya nan ba. A 1997 Lynch da Frei suka gwada sistayin da kowane ƙarfe dabam. Tare da baƙin ƙarfe ta ƙara tsatsa, tare da jan ƙarfe kuwa ta rage ta. Dama sun riga sun gano cewa LDL da kansa yana iya ba jan ƙarfe ilektaron, amma bai iya wa baƙin ƙarfe ba. Ashe ke nan ba a ce kibiritu magani ne ko dafi sai an san abokin tafiyarsa.

Akwai ta uku, homosistayin, wadda jiki ke yi daga metiyonin, ta kan kuma taru a jini in an rasa folet ko bitamin B12. A 1969 McCully ya danganta ta da ciwon jijiyoyi. Duk da haka manyan gwaje-gwaje biyu da aka buga a 2006 sun rage ta da bitamin, ciwon zuciya bai ragu ba. Har wa yau jini mai lafiya ba ya barin ƙarfe a sake: yana da furotin masu ɗaure baƙin ƙarfe, da masu ɗaure jan ƙarfe. Abin da ya faru cikin kwalbar gwaji ba lalle ne ya faru haka cikin mutum ba.

Nan ne ya kamata malami ya yi hattara. Wake yana da ƙarancin tubalan nan masu kibiritu, dawa da masara da gero sun fi shi, shi kuma ya fi su laisin, tubalin da suka gaza. Don haka manomin da ya haɗa hatsi da wake a akushi ɗaya ya yi daidai. Ƙarancin jini kuwa sanannen abu ne ga mata masu ciki da ƙananan yara, galibi don rashin baƙin ƙarfe. In ɗalibi ya koma gida ya hana su nama ko ƙwai ko maganin ƙara jini don ya ji an ce ƙarfe yana sa jini tsatsa, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kalmar tsatsa ta dace da aikin, muddin an koyar da ita tare da sharuɗanta.