Bing Crosby da Waƙar Masu Kewar Gida

Ranar Kirsimetin shekarar 1941, kwana 18 kacal bayan jiragen yaƙin Japan sun yi ruwan bama-bamai a kan Pearl Harbor, Bing Crosby ya tsaya gaban makirfo a shirinsa na rediyo mai suna Kraft Music Hall, ya rera wata sabuwar waƙa da ake kira White Christmas. Ranar 29 ga Mayun 1942 ya shiga ɗakin ɗaukar murya don kamfanin Decca, cikin minti 18 aka naɗe ta a faifai. Kundin Guinness ya ƙiyasta cewa an sayar da wannan faifai sama da kwafi miliyan 50, babu wata waƙa guda da ta kamo ƙafarsa.

Wanda ya saurare ta da kunnen basira zai ga ai ba waƙar biki ba ce. Babu zancen haihuwar Annabi Isa a cikinta, babu coci, babu shagali. Mutum ne ke zaune a wani wuri mai nisa yana tuna garinsu lokacin da dusar ƙanƙara ke lulluɓe shi, yana fatan da ma yana can. Duk wanda Sallah ta taɓa riska a baƙon gari ya san wannan irin zuciya.

Wanda ya tsara ta ma ba Kirista ba ne. Irving Berlin Bayahude ne da aka haifa a daular Rasha a 1888, iyayensa suka yi hijira da shi zuwa New York yana ɗan shekara biyar, ya tashi cikin talauci yana waƙa a wuraren shan giya don ya sami na abinci. Ranar Kirsimeti kuwa ranar makoki ce a gidansa, domin a irinta ce, a 1928, ɗansa jariri mai mako uku ya rasu. A ganina wannan baƙin ciki yana nan kwance a ƙarƙashin karin waƙar, shi ya sa take tafiya a hankali, ba ta da inda take ɗaga murya.

To amma waƙa sai da maƙogwaron da ya dace da ita. Kafin 1925 mawaƙi kan tsaya ne gaban wani babban ƙahon ƙarfe ya buɗe murya iya ƙarfinsa, don ƙarfin sautin ne ke motsa allurar da ke zana faifai. A dandali ma haka, sai ka yi yadda na kujerar ƙarshe zai ji ka. Da makirfo mai aiki da lantarki ya zo, sai hanya ta buɗe wa mai taushin murya. Crosby, wanda aka haifa a Tacoma a 1903, yana cikin na farko da suka gane abin da wannan na'ura za ta iya. Sai ya matso kusa da ita, ya sassauta, ya bar numfashinsa da kaurin muryarsa su fito kamar mai hira da mutum ɗaya. Ba kowa ya so haka ba. A 1932 babban limamin Katolika na Boston, William O'Connell, ya fito fili ya yi tir da wannan salo, yana ganin bai dace da maza ba. Jama'a kuwa suka ci gaba da kunna rediyonsu.

Yaƙi ne ya nuna ainihin amfanin wannan murya. Miliyoyin samarin Amurka suna tsibiran tekun Fasifik, da Arewacin Afirka, da Turai, kuma rediyon sojoji ya cika da roƙon a sa musu White Christmas. A ƙarshen 1942 ta yi mako 11 tana kan gaba a jadawalin mujallar Billboard, ta kuma ci kyautar Oscar ta waƙa saboda fitowarta a fim ɗin Holiday Inn. Shekarar da ta biyo Crosby ya ƙara da I'll Be Home for Christmas, wadda kai tsaye bakin soja ce mai yi wa iyalinsa alkawarin dawowa gida alhali ba shi da tabbas. A 1944 shi da kansa ya tafi Ingila da Faransa yana yi wa sojoji waƙa. Soja mai kwana a rami ya riga ya ƙoshi da taken ƙarfafa gwiwa, abin da yake nema shi ne muryar da za ta yarda cewa akwai kewa.

Wasu sun bi wannan turba, cikinsu har da Frank Sinatra da Perry Como, amma wanda na fi ganin ya yi kafaɗa da Crosby shi ne Nat King Cole. Mel Tormé da Robert Wells ne suka tsara The Christmas Song a tsakiyar zafin bazarar 1945, shi kuma ya ɗauke ta a 1946. Baƙar fata ne a Amurkar da ke da wariyar launi, muryarsa ta shiga falon gidajen da ba za a bar shi ya zauna a unguwarsu ba. Da ya sayi gida a Hancock Park ta Los Angeles a 1948, maƙwabta fararen fata suka taso masa, ya ƙi tashi.

Mafi yawan masu jin White Christmas yau, ba faifan 1942 suke ji ba. Saboda yawan buga kwafi uwar faifan ta lalace, sai Crosby ya koma ɗakin ɗaukar murya a Maris ɗin 1947 tare da makaɗan John Scott Trotter da 'yan amshin Ken Darby, su ɗin dai da suka yi ta farko, suka yi ƙoƙarin maimaita ta yadda take. Ya ci gaba da rera ta har shekara 30 bayan nan. A Satumban 1977 ya ɗauki shirinsa na Kirsimeti na ƙarshe a Ingila, inda ya yi waƙa tare da David Bowie, ya kuma rasu ranar 14 ga Oktoba a kusa da Madrid, kafin a nuna shirin a talbijin.