Ciki ba ya rufe ƙofar aji: Dokar da iyaye da dama a Maraɗi ba su san da ita ba

A duk watan Oktoba idan aka koma lakwal a Maraɗi, Tibiri da Jiratawa, malamai kan tarar da gurabe a bencin 'yan mata. Wata an ɗaura mata aure a lokacin hutun damina, wata ciki ya bayyana, wata kuma tana gidan iyayenta tana wankan jego. A idon mutanen unguwa, karatu ya ƙare ke nan. Sai dai dokar Nijar ba haka ta ce ba.

Abin da doka ta tanada

A ranar 5 ga Disamban 2017, gwamnatin Shugaba Mahamadou Issoufou ta fitar da wata dokar shugaban ƙasa kan kariya da tallafa wa 'ya mace da ke karatu. A 2019 ma'aikatun ilimi suka biyo baya da umarnin haɗin gwiwa, wanda ya bai wa ɗalibar da ta yi aure ko ta samu ciki damar ci gaba da karatu, da kuma komawa aji bayan ta haihu. Wannan ne ya soke tsarin da aka gada tun shekarun 1970, wanda a ƙarƙashinsa ake dakatar da mai ciki, a kuma sallami wadda ta yi aure.

Ba cikin sauƙi aka kai nan ba. A 2012 an gabatar wa majalisar dokoki wani ƙudiri na kare 'yan mata 'yan makaranta, amma ya gamu da adawar ƙungiyoyin addinin Musulunci, waɗanda suka ce yana tauye ikon iyaye kan aurar da 'ya'yansu. Ƙudirin bai wuce ba. Har ila yau, dokar zaman jama'a ta ƙasar ta ajiye shekara 15 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure ga mace, 18 ga namiji.

A wannan fanni Nijar ta riga wasu ƙasashe. Saliyo ba ta janye haramcinta ba sai a Maris 2020, bayan hukuncin kotun ECOWAS, Tanzaniya kuwa sai a Nuwamban 2021.

Me ya sa Maraɗi ta fi shiga lamarin?

Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na 'yan matan Nijar na yin aure kafin su cika shekara 18. A jihar Maraɗi adadin ya kai kashi 89, mafi yawa a ƙasar. Ma'ana, galibin cikin da 'yan mata ke ɗauka a nan na aure ne. Don haka makullin ƙofar aji ba a hannun darekta kaɗai yake ba. Yana hannun miji, da uwar miji, da mahaifin da ya yi alkawarin za a bar ta ta yi karatu amma ba a rubuta ba.

Wadda ta samu ciki ba tare da aure ba kuwa, nata ya fi nauyi. Tun kafin hukumar makaranta ta ce uffan, gori da tsegumi sun kore ta. Wasu iyayen kan tura ta ƙauye wurin dangi har ta haihu, shekarar karatu ta wuce, jarrabawar BEPC ta wuce.

Akwai kuma batun lafiya. A Danja, cikin ƙaramar hukumar Jiratawa, akwai asibitin masu yoyon fitsari da aka buɗe a 2012. Doguwar naƙuda ce ke haddasa cutar, kuma yarinyar da ƙugunta bai gama ƙwari ba na cikin waɗanda suka fi fuskantar haɗarin. Ɗalibar da ke ɓoye ciki saboda tsoron kora, ita ce ke ƙaurace wa awo.

Izini kaɗai bai isa ba

A ce an yarda ta dawo, wa zai riƙe jaririn daga ƙarfe takwas na safe? Ina za ta zauna ta ba shi nono? Wa zai maimaita mata darussan da suka wuce ta a kwana arba'in na jego? Yarinyar ƙauyen da ke kewayen Tibiri, wadda kwalejinta ke da nisa, yaya za ta yi da goyo a baya?

An yi wasu yunƙuri. Shirin Illimin da asusun UNFPA ke tallafawa tun 2013 yana tara 'yan mata, masu aure da marasa aure, yana koya musu karatu da kiwon lafiya. Tsohon shugaba Mohamed Bazoum ya ɗauki gina makarantun kwana na 'yan mata a matsayin babban aikinsa, kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Amma makarantar kwana rigakafi ce. Ba ta warware matsalar wadda ta riga ta haihu.

Abin da ya rage na kusa da gida ne. Kwamitin kula da makaranta na CGDES da ƙungiyar iyaye mata ta AME za su iya bin sawun duk yarinyar da aka daina gani a aji. Fadar Sarkin Katsinan Maraɗi da ta Sarkin Gobir a Tibiri, tare da limamai, suna da muryar da mazaje ke saurara, kuma suna iya sa a sanya sharaɗin karatu a gaban shaidu ranar ɗaurin aure.

'Yan Maraɗi da ke ci-rani a Kano, Abijan, Aljeriya ko Faransa su ma suna da rawar takawa, domin da yawansu ne ke aiko da kuɗin littattafai da kayan makarantar ƙannensu. Idan aka bugo waya aka ce wance ta bar lakwal saboda ciki, akwai abin tambaya: an je an ga darekta? An gaya masa za ta dawo? Doka ta riga ta ba ta wannan dama, kuma jami'ar Dan Dicko Dankoulodo tana nan cikin garin Maraɗi tana jiran ta.