Amsoshin Wasiƙunku: Keken Guragu Mai Batir Wanda Kujerarsa Ke Motsi

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi a Bodinga. Ya ce ƙanensa ya faɗo daga kabu-kabu a hanyar Shagari, lakarsa ta taɓu, ƙafafu suka shanye, hannuwa ma ba ƙarfi. An ba su labarin keken guragu mai batir wanda kujerarsa ke kishingiɗa da kanta. Shin magani ne, ko jin daɗi ne kawai na masu hali?

To malam, Allah ya ba shi lafiya, amin. Ba jin daɗi ba ne. Ai mai lafiya ko a tabarma yake zaune, yakan yi ta muskutawa bai ma sani ba. Wanda lakarsa ta taɓu kuwa ba ya jin zafin zama, balle ya gyara. Sai nauyin jiki ya danne fatar mazaunai, jini ya daina isa wurin, nama ya mutu. Shi ne gyambon kwanciya, wanda kan ci har ƙashi, ya kai ga rasa rai.

Aikin kujerar ke nan, ta muskuta masa idan ya danna maɓalli. Na ɗaya, takan karkata baya gaba ɗayanta, nauyi ya tashi daga mazaunai ya koma gadon baya. Amma fa sai an karkata sosai, kamar digiri 30 ko fiye. Ɗan kaɗan ba ya isa. Wannan karkatawa kan taimaka kuma idan jiri ya ɗebe shi saboda jini ya sauka. Na biyu, majinginar kaɗai kan kwanta, ya miƙe jiki, a ji sauƙin sauya masa robar fitsari. Na uku, matakin ƙafa kan ɗaga. Idan aka haɗa da karkatawa, kumburin ƙafa kan ragu. Na huɗu, kujerar kan yi sama, ya koma gado ba wahala, ko ya yi ciniki ido da ido. A Amurka ma sai a 2023 inshorar lafiya ta gwamnati ta amince da biyan kuɗin wannan na huɗun.

Sai dai a yi hattara. Keken na da tsada, nauyinsa kan wuce kilo 100, batir biyu gare shi masu son cajin dare guda, ga shi ba ya shiri da yashi. Wanda shan inna ta kama, yana jin jikinsa, hannuwansa da ƙarfi, keken hannu mai ƙafa uku ya wadatar da shi. Kada ku sayar da gona ko shanu kafin likitan gashi ya auna shi, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko Asibitin Ƙashi na Wamakko.

Kafin nan, ga abin yi tun yau. In yana zaune, duk minti 15 zuwa 30 a sunkuyar da shi gaba ko gefe na kamar minti 2. In yana kwance, a juya shi duk awa 2. A duba fatarsa safe da yamma. Wurin da ya sauya launi ko ya ɗau zafi, a ɗauke masa nauyi, a garzaya asibiti.

A gaida mai jiki, sai mun sake ji daga gare ku.