ƘWALLON MATA: INA 'YAN BORNO A JERIN SUNAYE?

Ran 15 ga watan Satumba na 2021 aka buɗe wata gasar ƙwallon ƙafa ta mata a filin wasa na Mobolaji Johnson da ke Onikan a birnin Ikko. Ƙasashe shida suka aiko da 'yan wasansu, watau Nijeriya da Ghana da Kamaru da Mali da Maroko da Afirka ta Kudu, kowace kuwa ta yi wasa biyu. Gasar sada zumunci ce, ba a neman shiga wata babbar gasa da ita, amma duk da haka shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, Gianni Infantino, ya tako da ƙafarsa ya zo kallo. Kofin da aka sa an raɗa masa sunan Hajiya Aisha Buhari, uwargidan Shugaban Ƙasa na wannan lokaci, 'yar asalin Jihar Adamawa, maƙwabciyar Borno.

Galibin masu sha'awar tamaula ba su cika damuwa da irin wannan gasa ba. A gidajen kallon ƙwallo na Maiduguri, daga Gwange har Bulunkutu, wasan ƙungiyoyin Ingila da na Sifen shi ke cika benci, wasan sada zumunci kuwa, balle na mata, ba ya hana kowa zuwa kasuwa. Amma ga wanda ya san yadda ake haɗa ƙungiyar ƙasa, a nan ne ake yin aikin. Babbar gasa ba wurin gwaji ba ce. Mai koyar da 'yan wasa yana tafiya da mutum 23 zuwa gasar duniya, uku daga cikinsu masu tsaron gida, kuma ba ya ɗaukar wadda bai taɓa ganin ƙafarta ba. A wasan sada zumunci ne yake da sararin kiran sababbin fuskoki, ya canza 'yan wasa da dama a wasa guda, ya ga wadda za ta iya da wadda gwiwarta ke sanyi in ta ga taro. Don haka takardar sunayen da hukumar ƙwallo ke fitarwa kafin irin wannan gasa ita ce ƙofar shiga. Wadda sunanta bai taɓa fita a cikinta ba, da wuya a ji shi ran da ake rabon lambobin girma.

Gasar Onikan ta nuna haka ƙuru-ƙuru. A wasan farko Mali ta tsare gidanta har kusan tashi, sa'an nan aka sako wata yarinya mai suna Gift Monday ta ƙungiyar FC Robo ta Ikko, ta jefa ƙwallo biyu, aka tashi Nijeriya na da ci 2 Mali na nema. A wasa na biyu Afirka ta Kudu ta zura wa Nijeriya ƙwallo 3 tun kafin hutun rabin lokaci. Da aka dawo sai Vivian Ikechukwu ta Rivers Angels, ita ma 'yar wasan gida, ta rama 2, amma aka tashi 4 da 2, baƙi suka tafi da kofi. Waɗanda suka ce ai wasan zumunci ne kawai sun gane kurensu bayan wata goma, domin a gasar Afirka ta 2022 a Maroko, Afirka ta Kudu ta sake doke Nijeriya da ci 2 da 1, ta kuma wuce ta ɗauki kofin a karo na farko.

Wata uku kafin wasan Onikan an ga wani abin da ya fi wannan. A watan Yuni na 2021 ƙungiyar Nijeriya, wadda ake kira Super Falcons, ta je Jihar Texas ta Amurka don yin wasanni uku da Jamaika da Fotugal da Amurka. Ba duka 'yan wasan da aka kira suka iso a kan lokaci ba. Akwai wata Michelle Alozie, haifaffiyar Kalifoniya, iyayenta 'yan Nijeriya, wadda ke motsa jiki tare da ƙungiyar Houston Dash a garin da aka sauka. Mai koyarwa Randy Waldrum ya ce ta zo. Ta shiga wasan Jamaika, ta ci ƙwallo a wasan Fotugal da aka yi kunnen doki 3 da 3, bayan shekara biyu sai ga ta a gasar duniya a Ostireliya tana tare 'yan Ingila. Toni Payne, wadda aka haifa a Alabama, ta wannan ƙofa ta shigo a gasar Turkiyya ta watan Fabrairu na 2021. Ashleigh Plumptre ta garin Leicester a Ingila ta biyo baya a 2022. Ba wanda zai ga laifinsu, 'ya'yan ƙasa ne, sun kuwa yi wa ƙasa aiki. Abin lura kawai shi ne, ƙofar da ta buɗe wa yarinyar da ke Houston ba ta taɓa zama kusa da yarinyar da ke Hausari ba.

Dalilin yana rubuce a jikin takardar sunayen kanta. A gaban kowane suna akan sa sunan ƙungiyar da mai shi ke yi wa wasa. A 2021 mai karatu zai ga Asisat Oshoala ta Barcelona, da Rasheedat Ajibade ta Atletico Madrid, da mai tsaron gida Chiamaka Nnadozie ta Paris FC, sa'an nan na gida, Rivers Angels da Bayelsa Queens da Edo Queens da FC Robo. Mai koyarwa ba ya yawo unguwa unguwa neman 'yan wasa. Ƙungiyoyi yake kallo. Oshoala da Ajibade duka daga FC Robo suka taso, Nnadozie kuwa daga Rivers Angels. Tun da aka fara gasar ƙungiyoyin mata ta ƙasa a 1990, waɗanda suka riƙa cin kofin su ne irin su Jegede Babes ta Ikko, da Ufuoma Babes ta Warri, da Pelican Stars ta Kalaba, da Delta Queens, da Rivers Angels ta Fatakwal, da Bayelsa Queens. A Arewa Nasarawa Amazons ta Lafiya ce ta kutsa kai cikinsu, ta ci a 2013 da 2017. Babu ƙungiyar Borno a wannan jeri.

GARIN ƘWALLO NE

Kada wani ya zaci Maiduguri ba garin ƙwallo ba ne. Ƙungiyar El-Kanemi Warriors, wadda aka kafa a 1986, ta ci Kofin Ƙalubale na ƙasa sau biyu a jere, a 1991 da 1992. A shekarar 1991 ɗin nan ce kuma matan Nijeriya suka je gasar duniya ta mata ta farko a ƙasar Sin, suka sha kashi a wasanni uku ba su ci ko ƙwallo ɗaya ba. Watau a lokacin da Maiduguri ke kan ganiyarta a ƙwallon maza, ƙwallon mata yana rarrafe ne a ko'ina, ba wanda ya yi wa wani nisa sosai. Tazarar daga baya ta buɗe.

Fitinar da ta tashi a 2009 ta tilasta wa El-Kanemi barin gida, ta riƙa karɓar baƙinta a Kano da Katsina, sai a 2016 ta komo filinta. Gwamnatin jiha ba ta bari ƙungiyar ta mutu ba, jama'ar gari ma ba su juya mata baya ba. Ran 29 ga watan Yuni na 2024 ta doke Abia Warriors da ci 2 da nema ta ɗauki kofin a karo na uku, kuma a ina? A wannan fili na Onikan. A ranar, a filin, aka yi wasan ƙarshe na mata, Rivers Angels ta ci Naija Ratels ta Abuja 1 da nema. Mutanen Borno da suka yi tafiyar fiye da kilomita 1,500 don su ga samarinsu, in sun iso da wuri sun ga 'yan matan wasu suna karɓar nasu kofin.

Abin da fitina ta yi wa 'yan mata ya fi wanda ta yi wa El-Kanemi muni nesa ba kusa ba. Yaro yana koyon ƙwallo a lungu, da tsumma ko da lemon da bai nuna ba, ba ya neman iznin kowa. Yarinya a wannan yanki, in ta taɓa ƙwallo, a makaranta ne, a bayan katanga, ƙarƙashin idon malamarta. A watan Maris na 2014 gwamnatin Borno ta rufe makarantun sakandare saboda hare-hare, a watan Afrilu aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, makarantu da yawa a cikin Maiduguri suka zama masaukin 'yan gudun hijira. Yarinyar da ke da shekara 13 a lokacin, shekarun da ƙafa ke koyon abin da ba ta mantawa, ta yi su ne a gida ko a sansani. A wannan shekara ta 2014 kuwa Oshoala tana Kanada, inda ta zama gwanar gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, ta kuma fi kowa cin ƙwallo. Bayan ƙura ta fara lafawa sai madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya mamaye babban sashe na gari. Uban da ke neman inda iyalinsa za su kwana ba ya tunanin takalmin ƙwallo.

Sai dai ba za a ɗora wa fitina kome da kome ba, domin Kano da Katsina da Sakkwato ba su ga irin abin da Borno ta gani ba, su ma kuwa ba su cika takardar sunayen ba. Akwai maganar sutura da ta cuɗanya da maza da ta tafiye-tafiye, kuma iyayen da ke wannan magana ba shirme suke yi ba. A shekara ta 2000 hukuma a Jihar Zamfara ta hana mata wasan ƙwallo ɗungum. Hukumomin ƙwallo na duniya su ma sun taimaka wajen toshe hanya, don a 2007 sun hana shiga fili da lulluɓi, ba su janye hanin gaba ɗaya ba sai a 2014. Tun daga nan doka ta yarda mace ta rufe kanta, ta sa doguwar riga da wando har idon sawu a ƙarƙashin kayan wasa. Ran 30 ga watan Yuli na 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta shiga wasa da Koriya ta Kudu da lulluɓinta, ita ce ta farko da ta yi haka a babbar gasar duniya. Maroko ƙasar Musulmi ce. Hukumar ƙwallonta ta sa kuɗi, ta ɗauki nauyin albashin 'yan wasa mata, ta gina musu wurin koyo. Ƙungiyar da ta zo Onikan baƙuwa a 2021 ita ce ta fitar da Nijeriya a wasan kusa da na ƙarshe a Rabat a 2022.

MALAMAI DAGA AREWA

Wani abin mamaki, hannun Arewa bai taɓa fita daga wannan ƙungiya ba, a gefen fili dai yake. Marigayi Isma'ila Mabo na Jos, tsohon ɗan wasan Mighty Jets, shi ya kai matan Nijeriya inda ba su taɓa kaiwa ba. A gasar duniya ta 1999 a Amurka, da su Mercy Akide da Florence Omagbemi, suka doke Koriya ta Arewa da Denmark, suka gamu da Brazil a zagayen ƙasashe takwas na ƙarshe. Brazil ta ci 3, suka rama 3 cif, sai a ƙarin lokaci aka ci su na huɗu. Mabo ya rasu a watan Maris na 2023, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa ba a sami wanda ya wuce wannan matsayi da su ba.

Justine Madugu, mutumin Adamawa, wanda ya taɓa koyar da Adamawa Queens, shi ya ja ragamarsu zuwa Rabat a 2025. Ran 26 ga watan Yuli Maroko ta ci 2 kafin hutu, a gaban jama'arta, aka dawo Esther Okoronkwo da Folashade Ijamilusi da Jennifer Echegini suka ci 3, Nijeriya ta ɗauki kofin Afirka karo na goma. Shugaba Bola Tinubu ya yi wa kowace 'yar wasa alkawarin kuɗi daidai da dala 100,000, da gida mai ɗaki uku, da lambar girma ta ƙasa. Wanda ke shugabancin hukumar ƙwallon Nijeriya a ranar shi ne Alhaji Ibrahim Musa Gusau, wanda aka zaɓa a 2022, ɗan Jihar Zamfara, jihar da ta yi hani shekara 25 kafin nan. Kafin shi an yi Alhaji Ibrahim Galadima na Kano da Alhaji Aminu Maigari na Bauchi a wannan kujera. A cikin fili kuwa akwai Halimatu Ayinde, haifaffiyar Kaduna, 'yar wasan tsakiya mai hana abokan gaba sakat, wadda ita ma sai da ta gangara Kudu ta yi wa Delta Queens wasa kafin ta ƙetare zuwa Amurka da Sweden.

Hanyar Halimatu ita ce hanyar da ke gaban duk yarinyar Arewa mai wannan sha'awa, watau ta bar gida tana ƙarama. Uba a Shehuri ko Gwange yana iya yarda 'yarsa ta yi wasa a filin makarantar 'yan mata, da suturarta, mata na koya mata, ta dawo gida kafin magariba. Da wuya ƙwarai ya yarda ta tafi Asaba ko Fatakwal tana da shekara 15, ta zauna a hannun mutanen da bai sani ba. Wurin yi ba shi ne ya yi ƙaranci ba, ga Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnati, ga Kwalejin Ramat, ga Jami'ar Maiduguri da aka kafa tun 1975, ga filin El-Kanemi kansa. Abin da ya rage shi ne ƙungiya mai rajista da za ta fara daga ƙaramin mataki na gasar mata ta ƙasa ta riƙa hawa, yadda mai koyar da 'yan wasan ƙasa zai sami sunan da zai rubuta a gaban sunan yarinya. Gwamnatocin Ribas da Bayelsa da Delta da Edo da Nasarawa kowace tana riƙe da ƙungiyar mata kamar yadda Borno ke riƙe da El-Kanemi. Adamawa ma haka, tana da Adamawa Queens a Yola, kimanin kilomita 400 daga Maiduguri.