Daga Ina Mutanen Da Suke Samo Duwatsun Aikinsu?

Gabatarwa

Kafin ɗan Adam ya san ƙarfe, da dutse yake yin wuƙa da gatari da kan mashi. Sai dai ba kowane dutse ne ke yin kaifi ba. Wani da an buga shi sai ya marmashe. Saboda haka mutanen da suna neman irin dutsen da ke fashewa da baki mai kaifi, kamar ƙanƙara. Wannan maƙala za ta duba hanyoyi uku da suka bi wajen samo shi.

Tsinta

Hanya ta farko ita ce tsintar duwatsu a bakin kogi ko gindin tsauni. Amma ko a nan akwai zaɓe. A Kanjera, ƙasar Kenya, kimanin shekara miliyan 2 da suka wuce, an ɗauko wasu duwatsu daga nisan da ya haura kilomita 10, alhali ga marasa ƙarko a kusa.

Haƙa

Hanya ta biyu ita ce haƙa. A Grime's Graves da ke Ingila akwai ramuka fiye da 400, wasu zurfinsu ya kai mita 12. Kimanin shekara 4,500 da suka wuce, mahaƙa sun yi amfani da ƙahon barewa, suka wuce ƙanƙarar da ke sama, suka nemi baƙa mai kyau da ke can ƙasa. A nan Nijeriya ma, a Ugwuele ta Jihar Abiya, masu bincike sun tarar da tarin ɓaraguzai da gatura waɗanda ba a gama sassaƙawa ba, a daidai inda ake fasa dutsen.

Musaya

Ta uku ita ce musaya. A Olorgesailie, Kenya, an gano obsidiyan, wato baƙin dutsen aman wuta mai sheƙi kamar gilashi, wanda aka kawo daga nisan kilomita 25 zuwa sama da 90, kimanin shekara 320,000 da suka wuce. Masana suna ganin hannu da hannu ya bi har ya iso. Haka kuma a Daima ta Jihar Barno, ƙasar laka ce, babu dutse, amma an tono gaturan dutse da duwatsun niƙa. Ke nan daga nesa aka kawo su.

Kammalawa

Masana suna gane asalin dutse ta hanyar gwada sinadaransa da na tsaunukan yankin. Wannan ya nuna cewa mutanen da sun san ƙasarsu, suna shiri tun kafin buƙata ta taso, kuma suna hulɗa da maƙwabta.