Lasisin Bindiga a Bakin Kogin Kwara

A Toumboutou, cikin yankin Malanville a arewacin Jamhuriyar Benin, kogin Kwara ne ya raba mutane da ƙasar Nijar. Manoman shinkafa, masunta da makiyaya sun saba da adda da sanda. Amma tun da 'yan bindiga suka yi sansani a dajin W, hira ta sauya. A watan Afrilun 2025 kaɗai, gwamnati ta ce an kashe sojojinta 54 a wannan daji. Ba mamaki ɗan kasuwar da ke yawo da kuɗin albasa ya fara tunanin soka ƙaramar bindiga a ƙarƙashin riga.

Doka ba ta bar wannan a hannunsa ba. Benin ta daɗe tana aiki da dokar 1961, kafin sabuwar dokar makamai ta Janairun 2020 ta maye gurbinta. Bayan haka akwai yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja a 2006. Ita ce ta shimfiɗa sharuɗɗa: mai neman lasisi ya kai shekarun da doka ta yanka, ba shi da tabon laifi, ya kawo dalili karɓaɓɓe, ya koyi sarrafa makami, ya kuma nuna inda zai adana bindiga daban da harsashi. Sai ya jira aƙalla kwana 21. Lasisin ma yana da ranar ƙarewa.

Wannan jiran ba ɓata lokaci ba ne. Fushin rikicin gona da kiwo kan huce cikin mako uku, harsashi kuwa ba ya dawowa.

Ba ko'ina ake bin wannan tsari ba. A Amurka fiye da rabin jihohi sun yarda mutum ya ɓoye bindiga a jikinsa ba tare da lasisi ba. A nan kusa, gwamnatin Zamfara ta ce wa jama'a su nemi bindiga a Yunin 2022, sai babban hafsan tsaron Najeriya na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi.

Mutanen bakin iyaka su sani: takardar da Benin ta bayar ba ta tsallake kogi zuwa garin Gaya na Nijar, balle yanzu da Nijar ta fice daga ECOWAS tun Janairun 2025.